Na Ce a Ƙaro Yaji

Tun da na sauka Japan kwas ɗin noman shinkafa nake damun mutane da labarin attaruhu da yajin kilishi. Har na gaya wa malaminmu, wani dattijo da muke kira Sensei, cewa a garinmu kafin a yaye yaro ya san barkono. Dattijon ya gyaɗa kai kawai. Da mako ya zagayo sai ya gayyace ni cin abincin Sin a Yokohama, shi da uwargidansa.

A 1859 aka buɗe tashar jiragen ruwan Yokohama ga baƙi, Sinawa suka shigo fatauci da tafinta, suka kafa unguwar da a yau ta fi kowace unguwar Sinawa girma a ƙasar. Abincinsu ya zauna har ya zama ɗan gari, ana ce masa chuka: an rage masa mai, an rage yaji, an ƙara ɗan zaƙi, an kuma rage faranti, wanda shi ne ban yafe ba. Sensei, Allah Ya saka masa, tun da rana ya buga waya ya ce ban da alade, ban da giyar Shaoxing da suke ɗigawa a girki.

Muna zama aka miƙo ɗan tawul mai zafi na goge hannu. Na goge hannun, na zarce fuska, na bi wuya da bayan kunne kamar mai alwala. Uwargida ta mai da idonta kan fulawar da ke tebur.

Farantin farko yanka uku ne na kokwamba da wata halittar teku marar ƙashi da suke kira kurage. Na ɗauka ɗanɗano ne kafin a kawo abinci, na haɗa na jefa baki a loma ɗaya. Ashe abincin ke nan ya fara. Su kuwa suna ɗauka ɗai-ɗai da tsinkayen cin abincinsu, suna yaba wa mai girki.

Sai ga jatan lande cikin jar miya, ja wur, irin wadda ido ke gani makogwaro ya shirya. Sensei ya ce sunanta ebi chiri, kuma aikin Chen Kenmin ce, wani mai girki ɗan lardin Sichuan da ya zo Japan a 1952, ya buɗe gidan abincinsa a Tokyo a 1958. Da ya ga harshen Japanawa ba zai ɗauki zafin garinsu ba, sai ya sassauta shi da ketchup, ya riƙa koyar da matan gida a talabijin ɗin NHK. Ɗansa Chen Kenichi ya gaje shi, ya yi suna a shirin gasar girki na Iron Chef. Na ɗanɗana. Zaƙi da tumatir.

"Sensei," na ce, "wannan ai a wurinmu mai jego ma rainawa za ta yi. Babu na manya?"

Ya kira ma'aikaciyar, suka yi 'yar magana ƙasa-ƙasa, ta dube ni, ta rusuna ta tafi.

Abin da ta kawo sunansa mabo dofu. Awara ce fa, awarar waken suya, sai dai tasu ba a soya ba, taushinta ya sa da ka taɓa da tsinke sai ta rabe biyu. Na yi ta farauta a cikin kwano har aka ji tausayina aka kawo cokali. A gefe ga wani gari mai ruwan ƙasa a ɗan ƙoƙo. Uwargida ta ɗebi abin da bai kai kan farce ba. Ni na juye duka na gauraya.

Loma ta farko ƙamshi, wajen lemun tsami. Ta biyu lafiya lau, har na fara murmushin nasara. A ta huɗu leɓena na ƙasa ya fara rawa shi kaɗai, harshe ya yi nauyi, na kurɓi ruwa na ji ɗanɗanon ƙarfe. Nan take na tuna kawuna da shanyewar ɓarin jiki ta kama yana tsakiyar cin tuwo. Na ɗaga hannu biyu sama in ga ko ɗaya zai faɗi. Na yi wa bayan cokali yaƙe in ga ko bakin ya karkace. Na fara kalmar shahada a zuci, ina tunanin kuɗin kai gawa Kano daga Yokohama.

Sensei ya bari na gama, sannan ya ce garin ba barkono ba ne, ɓawon 'ya'yan wani itace ne da Sinawa ke kira huajiao, aikinsa kashe baki, ba ƙonawa ba. Ɗan'uwan fasaƙwarinmu ne da tsofaffi ke taunawa don ciwon haƙori. Ya tambaye ni ko lafiya. Na ce lafiya ƙalau, yawu na bin haɓata ban sani ba.

Sauran abincin, miyar kaguwa da soyayyiyar shinkafa cikin ɗan kofi da wani farin abu mai sanyi, duk sun wuce ban ji ɗanɗanonsu ba. A bakin ƙofa na dafa ciki na rantse na ƙoshi har wuya, muka yi sallama da rusune-rusune.

Suna shan kwana na faɗa shagon kusa da tashar jirgin ƙasa, na kwashi dunƙulen shinkafar nan da ake kira onigiri guda biyar da dafaffen ƙwai. Ina kan layin biya na ji an taɓa kafaɗata. Uwargida ce, ta shigo sayen madara. Ta dubi kwandona, ta zaro ɗaya daga ciki ta mayar kan kantar shagon.

"Wannan akwai yaji a ciki," in ji ta.