Ko "Albarka" Ce, A Faɗa Mana

Akwai wata magana da na yi imani ta fi kowace magana tsawon rai a ofisoshin ƙasar nan, ita ce "za mu neme ka". Ana faɗinta a ƙarshen intabiyu, daidai lokacin da shugaban kwamiti ya rufe fayil ya kai hannu ga robar ruwa. Mu kuwa 'yan ƙungiyar ambulan mai ruwan ƙasa, da muka gama bautar ƙasa muka cusa kakin a ƙasan akwati, hannu bibbiyu muke karɓarta kamar goron ɗaurin aure. Mutum ya fito yana sassauta taye na aro, ya yi wa maigadi sallama irin ta waɗanda za su riƙa haɗuwa kullum da safe, har ya zaɓi inuwar da zai riƙa ajiye motar da bai saya ba. Daga ranar sai ɗif, kamar an shuka dusa. Abin da nake so in kafa hujja a kansa ba shi da yawa: duk ma'aikatar da ta kira mutum ya zo ya zauna gabanta ya sha tambayoyi, to ta ci bashin amsa, ko da amsar "a'a" ce, kuma bashi ne mai wa'adi.

A duba abin da shirun nan yake mayar da ɗan Adam mai hankalinsa. Waya ta zama jaririya. Ba a kai ta wurin mai caji a bar ta, sai dai a ja benci a zauna gadinta. Da ita ake shiga banɗaki, a rataye ta a ƙusa cikin leda. A masallaci ma limamin ya gaji da roƙon a kashe, ba a kashewa, sai dai a rage mata murya a sa ta a aljihun gaba inda zuciya za ta ji motsinta. Baƙuwar lamba na shigowa mutum zai miƙe tsaye, ya gyara murya, ya yi sallama da Turancin da ya tanada tun makon jiya, sai ya ji an ce, "Malam, mai gas ne? Har yanzu ba a kawo tukunyar ba." A gida kuma tsohuwa ta riga ta yi sadakar ƙosai, kullum bayan gaisuwa sai ta ce, "Har yanzu ba su kira ba?" A majalisa an fara ce masa manaja, da farko don fatan alheri, bayan wata uku kuma don tsokana. Mai kwat ya aiko a kawo masa kayansa, an ce ya ƙara haƙuri, wataƙila a sake kira zagaye na biyu.

Wannan jira ma ai aiki ne, albashi kawai ya rasa. Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa ta ce a ƙarshen 2020 marasa aikin yi sun kai kashi 33.3 cikin ɗari. A 2023 ta sauya ma'auni, ta ce wanda ya yi aikin awa ɗaya a mako don samun kuɗi ma'aikaci ne, sai adadin ya faɗo kashi 4.1. Da za a lissafa awannin da muke kashewa a kallon fuskar waya, da an iske mun fi wasu masu ofis zama a bakin aiki. Ga kuma kuɗin da aka riga aka zuba. Tun da aka cire tallafin mai ranar 29 ga Mayun 2023, wanda ya taso daga Unguwa Uku zuwa Abuja don intabiyun minti goma sha biyar ya san abin da ya bari a tasha, ban da hoton fasfo, da kwafin takardu, da takardar shaidar ƙaramar hukuma, da kwana a ɗakin ɗan'uwan da matarsa ba ta yi murna da zuwansa ba. Wanda ya sa ka wannan ɗawainiya ya ce naira shida ta saƙon tes ta fi ƙarfinsa, ai maganar ba ta kama hankali ba.

Hujjar farko da ma'aikatu ke kawowa ita ce yawa. Su ce, mutum dubu nawa za mu bi ɗaya bayan ɗaya? Ban musa yawan ba. Ranar 15 ga Maris 2014 sama da mutum rabin miliyan ne suka nemi gurabe ƙasa da dubu biyar a Hukumar Shige da Fice, kowa ya biya naira dubu, aka yi turmutsitsi a filayen wasa har aka rasa rayuka, kuma wannan ba abin dariya ba ne. Amma ni ba a kan duk wanda ya cike fom nake magana ba. Waɗanda aka tace aka kira gaban kwamiti nake nufi, su kuwa sau da yawa bencin baranda biyu ya ishe su. Ko da ma dubbai ne, JAMB tana sanar da ɗalibai kusan miliyan biyu sakamakonsu ta saƙon waya, har da wanda ya ci makin da ba zai iya nuna wa babansa ba. Banki yana turo alat a kan naira hamsin da ya cire maka da tsakar dare. 'Yan siyasa kan samo lambar kowa idan zaɓe ya ƙarato, har ta wanda ya rasu bara. Lambar nan da aka kira mu da ita aka ce mu zo ranar Talata ƙarfe tara, ita ce dai a jikin fayil, ba ta canza ba.

Hujja ta biyu ta fi daɗin ji, don ta ari rigar al'ada. A ce ai mu mutane ne masu kunya da kara, ba ma iya duban idon mutum mu ce ba mu ɗauke shi ba. Nan ne nake cewa a je kasuwa a ga yadda Bahaushe yake cewa a'a. Ka taya shadda a Kantin Kwari da kuɗin da ko ɗinkinta ba zai biya ba, mai kaya ba zai zage ka ba, ba kuma zai ce ka je gida zai neme ka ba. Murmushi zai yi ya ce "albarka". Ya ƙi, ya kuma haɗa maka da addu'a, ka ƙara ko ka yi gaba. Almajiri ya tsaya a ƙofar gida, ko babu ko loma sai an ɗaga murya daga tsakar gida an ce Allah ya ba da haƙuri, saboda kowa ya san in aka yi masa shiru zai yi ta tsayuwa har tuwon maƙwabta ya ƙare. A neman aure, inda kunya ta fi ko'ina yawa, idan ba za a ba da yarinya ba akan tura dattijo ya mayar da kayan, ya ce a yi haƙuri an yi mata miji. Wato mun fi kowa tanadin kalmomin ƙi masu laushi. Ban ga dalilin da zai sa mai digiri ya rasa abin da ake yi wa mai ƙoƙon bara ba.

Sai masu cewa shiru ma magana ce, mai hankali in ya ga wata ya wuce ai ya gane. Matsalar ita ce shiru ba shi da kwanan wata. A ƙasar da kowa ya san wani da aka kira bayan shekara guda, har ya manta ya nemi aikin, yaushe ne mutum zai gane? Sau da yawa ma da gangan ake yin shirun, don a ajiye mutum a matsayin safaya, ko da wanda aka zaɓa zai ƙi zuwa. Wannan ba laifi ba ne in an faɗa. A ce masa kai ne na biyu, in ba ka ji mu ba zuwa ƙarshen wata ka nemi wani wurin. Da haka zai san ko ya karɓi koyarwar da wata makarantar kuɗi ta yi masa tayi, ko ya ci gaba da jiran gawon shanu. Na kuma san akwai jami'in da ke tsoron in ya ce a'a, gobe za a kira shi daga sama a ce wannan yaron namu ne. Tsoron nan gaskiya ne, sai dai shirun ba ya hana kiran, ƙara masa lokaci kawai yake yi.

Kuma inda ma'aikata ta yi gum, wasu ne ke magana a madadinta. Cikin wannan duhun ɗan damfara yake kiran mutum ya ce sunanka ya fito, turo dubu ɗari a buga maka takardar kama aiki. Cikinsa ne kuma jita-jitar an sayar da guraben take yin ƙiba, tun ba ma da kwamitin Majalisar Wakilai ya zauna a 2023 yana binciken zargin cinikin guraben aiki a ma'aikatun tarayya ba. Ma'aikatar da ta yi ɗauka tsakani da Allah ita ta fi kowa asara a nan, don wanda ba a gaya wa komai ba shi zai ƙirƙiro wa kansa dalili, kuma ba zai taɓa ƙirƙiro wanda ya ce wani ya fi shi cancanta ba.

Saƙon da nake roƙo layi biyu ne: mun gode da zuwanka, wannan karon mun ɗauki wani, Allah ya haɗa kowa da rabonsa. Ko an rubuta sunan ba daidai ba mun yafe. Mutum zai yi tsaki, ya yi kwana biyu yana cewa dama albashin nasu ba wani abin kirki ba ne, sannan ya kai kwat wurin mai guga ya mayar wa mai shi.