Zuwa ga Ɗan Masuntan da Ya Kawo Teku Daura

Ɗan masunta, gaisuwa irin wadda ubangida ke yi wa baransa, da fatan ƙarnin gidanka ya lafa.

Ina bakin tukuba, hannuna dumu-dumu da ƙuli da yaji, labarinka ya iske ni. Wani yaron unguwarku ne ya zo sayen tsire ya ce wai ka kawo teku Daura. Na ce wace teku? Ya ce ta gishiri, har da kifayenta, tana nan a falonka tsakanin talabijin da firji. Ban ko juya naman da ke kan wuta ba, na bar wa yara, na wanke hannu na taho, don gani ya kori ji. Ka tuna yadda ka tarbe ni kana taku ɗaiɗai kamar wanda aka naɗa Sarkin Ruwa jiya da yamma. Ka yaye labule, sai ga akwatin gilashi da ko jarka uku ta 'yan garuwa ba zai shanye ba. Lita 60 ka ce. Shuɗiyar fitila a bisa, wani ɗan inji na gurnani a gefe, kifaye biyar a ciki suna karo da juna kamar fasinjojin motar Mai'aduwa ranar Lahadi.

Na san inda cutar ta kama ka. Tun da ka je Dubai sarin kaya ka tsaya gaban tankin nan na Dubai Mall mai cin ruwa lita miliyan 10, ka dawo ba ka da zance sai shi. Abin da ka manta, su can teku tana bayan gidansu. Kai kuwa daga ƙofar gidanka zuwa bakin teku a Legas ya haura kilomita 1,000, kuma ko sau ɗaya kakanninka ba su jefa birgi a ruwan gishiri ba. Garin da ka kawo wa teku, tarihinsa kaf a kan rijiya guda ya ginu. Ita ma Kusugun maciji ɗaya tak ta iya ɗauka, shi ma ɗin sai ran Juma'a yake barin mutane su ɗebi ruwa. Da Bayajidda ya tarar da biyar a ciki, da har yau yana can yana sara.

Bari mahauci ya koya maka ilimin gidanku, tunda kai ka bar shi a bakin ruwan Daberam ka tafi neman na Larabawa.

A wurinmu ba a sayen dabba sai an duba turke. Ko yaron da ya fara riƙe ƙafar akuya jiya ya san ba a kawo maraƙi a sa shi a akurki don wai yanzu ƙarami ne. Girman da zai yi gobe ake aunawa. Kai ka je ka ga shuɗin kifin nan mai rawayar wutsiya, wanda yaranka ke kira Dory saboda fim, bai wuce tsawon yatsa biyu ba, ka ce a sa maka a leda. To wannan ɗan yatsa, in Allah ya ja kwanansa, yana kusantar santimita 30, tsawon rular 'yan makaranta ke nan. Kuma ba mai zaman wuri ɗaya ba ne, yini yake yana safa da marwa a tsakanin duwatsun murjani yana kiwon gansakuka. Masu wannan harka cewa suke a ba shi tanki mai tsawon ƙafa shida, mai cin ruwa wajen lita 700. Yi lissafi da bakin 'yan garuwa: jarka 28 ke nan mai lita 25. Ruwan kaɗai ya kai kilo 700, ban da gilashi da duwatsu da yashi. Teburin katakon da ka ɗora naka a kai, ko cinyar sa aka aza masa sai ya yi kuka.

Da na faɗa maka haka, sai ka gyara hula ka ce ai mai sayarwa ya tabbatar maka kifi daidai da gidansa yake girma. Haba ɗan masunta! Wannan magana a faɗa wa mahauci ya yarda, da sauƙi, amma kai? Kifin da aka ƙuntata ba daidaita yake ba, tsumburewa yake. Ruwa ya gurɓace masa, ya daina cin kirki, cuta ta same shi, musamman farin ƙurajen nan masu kama da barbaɗin gishiri da wannan jinsin ya yi suna wajen kamuwa da su, ya mutu tun bai kai ko'ina ba. Sai mai shi ya ce ai bai girma ba. Ina zai girma? Nima in na ɗaure ɗan rago a cikin buhu ba zai kai layya ba, amma ba zan ce buhun ya dace da shi ba.

Wani abu guda ya sa nake jin tausayin Dory ɗin nan fiye da sauran, ɗan gidanmu ne. Duba gindin wutsiyarsa da kyau, kowane gefe akwai 'yar ƙaya mai kaifi kamar aska, a kwance take, in ransa ya ɓaci ya miƙe ta. Saboda ita Turawa suka sa wa danginsu sunan likitan tiyata. Kifi mai yawo da wuƙa a ƙugu ai mahauci ne da ya ɓata hanya. Shi ya sa nake bin kadinsa. Kuma ka sani, sai a 2016 aka fara samun nasarar ƙyanƙyashe irinsa a hannun mutane, a jihar Florida ta Amurka. Mafi yawan waɗanda ake sayarwa daga teku ake kamo su, wajajen Indonesiya da Filifin. Dubi irin tafiyar da bawan Allah ya sha, jirgi bayan jirgi, a leda, don kawai ya ƙare a jarka biyu da 'yan kai a Daura.

Su Nemo guda biyu, masu ruwan lemo da farin ɗamara, su ne kaɗai ka saya da hankalinka a jikinka, ko da yake na san yara ne suka zaɓa, fim ɗin 2003 bai bar kowa ba. Ba sa wuce santimita 10 zuwa 11, ba su da yawo, sun fi son su sami lungu ɗaya su tare. Biyu suna iya rayuwa a tanki mai lita 75 zuwa 80, ka ga naka ma bai cika musu ba, amma da dama-dama. Sai dai akwai sirrinsu da mai sayarwa bai gaya maka ba. Dukkansu a maza suke tasowa. Wanda ya fi girma da ƙarfi a cikinsu shi ke rikiɗa ya koma mace, kuma ita ke mulkin gida, namijin ɗan ƙarami yana raɓe-raɓe a bayanta, in ta taso masa ya yi ta karkarwa yana ba da haƙuri. Ni ban ce komai a kan gidan kowa ba. Na dai lura ka daɗe kana kallonsu kana gyaɗa kai, kamar wanda ya ga ɗan'uwa.

Sauran biyun, 'yan shuɗayen nan masu araha da aka yi maka gyara da su, fitinannu ne. Kowanne so yake ya mallaki dutse ya kori kowa. A tanki mai faɗi wanda aka kora yana da wurin gudu. A naka ina za shi?

Yanzu ga inda na fi so ka buɗe kunne, don nan ne ka yi tuntuɓe mafi muni. Ka ce ka fara da ƙaramin tanki ne don ya fi sauƙin kulawa. Tambayi uwargida: tsakanin 'yar tukunyar miyar mutum biyu da tukunyar biki, wacce gishiri ya fi saurin zarcewa? Ruwan teku yana ɗauke da gishiri kimanin giram 35 a kowace lita, kuma kifinsa bai san sauyi ba, don teku ba ta yin tsami yau gobe ta yi salam. A garinmu kuwa iskar hunturu ko wanki ka shanya kafin ka juya ya bushe. Ruwan tankinka yana tashi sama, gishirin yana nan ba ya tashi. In lita uku ta ƙafe a cikin 60, an tafi da kashi ɗaya cikin ashirin, miya ta yi gishiri. Lita ukun nan a cikin 700 ko a jikinsa. Sannan na ga ka ɗauko ruwan gishiri za ka cike gurbin. Da ban riƙe hannunka ba da ka yi musu kilishi da ransu. Ruwan daɗi tsarkakakke ake ƙarawa, wanda aka tace, ba na rijiyar bayan gida ba.

Shi ma gishirin ba na miya ba ne. Na ji ka aika kasuwa a nemo maka na Bilma wai ya fi albarka. Wannan ka bar wa raƙuma da shanunmu. Na tankin teku haɗi ne na musamman, da sinadaran da ke cikin ruwan teku na ainihi, daga waje ake kawo shi, kuma duk mako ɗaya ko biyu za ka zubar da wajen kashi goma cikin ɗari na ruwan ka haɗa sabo. Tankin da Dory yake bukata, cikawar farko kaɗai za ta ci gishiri kusan kilo 25, rabin buhu. Kai da ko goro sai an yi da gaske kake saya wa baƙo.

Ga kuma kashi. Kifi a inda yake kwana nan yake bayan gida, abin da yake fitarwa guba ne gare shi. Wasu ƙwayoyin halitta da ido ba ya gani, masu zama a jikin duwatsu da matata, su ke sarrafa gubar. Kafin su yi yawa sai an bar tanki ya yi sati huɗu zuwa shida yana aiki, sannan a riƙa sa kifi ɗaya bayan ɗaya. Kai ranar da ka zuba ruwa ranar ka juye biyar. Ko mayanka ba a buɗe ta sai an haƙa magudana.

Ban ma zo kan zafi ba. Waɗannan bayin Allah suna son ruwa tsakanin digiri 24 da 27, dare da rana, shekara zagaye. Mu kuwa a watan Afrilu muna haura 40, da hunturu kuma asuba sai da bargo. Ruwa in ya yi ɗumi iskar cikinsa raguwa take, ga shi na gishiri dama bai kai na daɗi riƙe iska ba. A ɗauke wuta injin ya tsaya na 'yan sa'o'i, za ka tarar da su a sama suna haki. An ce yanzu janareto don kifi ake tayar da shi a gidanka, iyali kuwa su yi fifita da mafici. Faɗa aka yi mini, ban gani ba, amma wadda ta faɗa tana da hurumin sani.

Abin da ya ruɗe ka na gane shi. Da tarwaɗa ka saba. Ita tana da abin shaƙar iska a kanta, ka cusa ɗari a kwatami ɗaya, ruwa ya yi baƙi, tana nan tana kaɗa gashin baki. Gaiwa kuwa ruwan ma ya ƙafe ƙaf, ta shige laka ta naɗe ta jira damina. Kifayen ƙasarmu irin mutanenta ne, sun san wahala sun iya haƙuri. Da su kakanninka suka yi suna, su suka ba ku abin da kuke taƙama da shi har a Argungu, inda tun 1934 kuke taruwa da gora da koma kuna kokawa da giwan ruwa. Ga Sabke ga Daberam a bayan gari, ƙarfasa da tarwaɗa sai wanda ka zaɓa, ba su tambayar ka gishirin Turai, kuma in sun gundure ka akwai tukunya. Waɗannan naka na gilashi ko mutuwa suka yi ba su isa miyar yaro ɗaya ba, ko da yake na san ku, abin da bai ga wuƙa ba ma ba ya tsira a hannunku.

Ga hukuncin ubangidanka. Dory a mayar da shi Legas wurin mai tanki na ƙwarai tun yana numfashi, kuɗin mota a kanka. 'Yan fitinar nan biyu su bi shi. Nemo da matarsa su zauna su kaɗai, ka sa wa injinsu sola, ka sayi ma'aunin gishiri, ka daina ɗanɗanawa da harshe kamar mai romo. In ka ga ba za ka iya ba, kada ka fasa gilashin. Na auna shi da ido tun ranar farko, faranti biyu na kilishi zai ci daidai, ƙuda ba zai shiga ba, ga fitila kyauta. Ranar Lahadi in na dawo daga kara a Mai'aduwa zan biyo ta ƙofar gidanka da amalanke. Ka wanke shi da sabulu sau bakwai, ba na son ƙarni a kayana.