Jama'ar Rumfar Tangaran

Duk kofin tangaran da ya iso Tamale da mariƙinsa a jiki ya cancanci a yi masa sannu da hanya. Ya taso daga kabet ɗin wata tsohuwa a Ingila ko Jamus, ya kwana a kwantena har tashar jiragen ruwa ta Tema, sannan ya hau babbar mota ya bi ta Kumasi da Techiman da Kintampo, ya haye gadar Buipe da ta Yapei, tafiyar sama da kilomita 600, yana naɗe cikin tsohuwar jarida. Duk da haka bai ga komai ba tukuna. Wahalarsa tana farawa ne ranar da aka farke kwali a rumfar gwanjo, a Aboabo ko a gefen babbar kasuwa, mutanenmu suka yi masa caa.

Masu sammako ne ke fara isa gare shi. Ban san wa ke tsegunta musu ba, amma ranar da kaya za su sauka, tun mai koko ba ta sauke tukunya ba suna tsaye. Su ba sa ɗaukar abu, ɗora hannu suke yi. Kina miƙa hannu ga wata buta mai furanni sai ki ji murya a bayanki: "Yaya, na riga na taɓa." Ta taɓa buta, ta taɓa tire, ta taɓa farantai goma sha biyu, ta aza jakarta a kan kwalin da ba a ma buɗe ba. In an zo biya sai ta ɗauki cokali biyu.

Wanda ya fi shiga mini hanci, kuma wanda nake cigiyarsa in bai zo ba, shi ne Gwani. Kowace rumfa da nata. Yawanci tsohon ma'aikaci ne da ya ajiye aiki, ko wanda ya taɓa ɗan zama a Turai bai gama dawowa ba. Zai jingine kekensa, ya gaida mai rumfa da "Dasiba" har sau biyu, ya sauko da tabarau ƙarshen hanci. Bai taɓa kallon kofi ta sama ba. Mu muna kallon fure da ruwan zinaren da ke baki, shi kuwa yana ɗauka sai ya kife, ya goge gindin da babban yatsa, ya karanta tambarin da ƙarfi don kowa ya amfana. Daga nan ya ɗalle bakin da farce, ya kara a kunne, ya lumshe ido. In ƙarar ta yi tsawo sai ya gyaɗa kai. In ta mutu nan take sai ya ce akwai tsaga a ɓoye, ya mayar da shi a hankali yana jajanta wa kowa. Saura gwaji na ƙarshe: ya ɗaga kofin saitin rana, ya sa yatsu a bayansa, ya kira ki ki zo ki ga inuwarsu ta ciki. Ko kina sauri sai kin gani.

Abin haushin shi ne yawanci gaskiya yake faɗa. Ya san garin Stoke-on-Trent ne cibiyar tangaran ta Ingila, ya san Josiah Wedgwood ya kafa kamfaninsa a 1759. In ya ga saitin nan na Royal Albert mai jajayen furanni da rawaya zai gaya miki a 1962 aka fara fitar da shi, kuma tun 2002 aikin ya koma Indonesiya, don haka a duba ƙasa da kyau. In tambari ya ce Jamus ta Yamma, to kafin 1990 aka yi. In ya ce Cekoslobakiya, ƙasar ma ta rabu biyu tun 1993, "kin ga farantin ya fi ƙasarsa tsawon rai." Wannan barkwancin yakan yi shi duk mako, kuma duk mako shi ke fara dariya.

Da karatun kaɗai ne da sauƙi. Matsalar ita ce lokacin da yake zaɓa. Kin ga buta ta kwanta miki, kin ɓata fuska, kin ce murfinta ma kamar ba nata ba, an taya an yi albarka, ana gab da sallama miki. Sai ga hannun Gwani ta saman kafaɗarki.

"Hajiya, kin san abin da kike sayarwa kuwa? Wannan ko a Landan sai an tona."

"Alhaji, yau ma karatu?" in ji mai rumfa, amma ta riga ta janye butar zuwa cinyarta. Kuɗi ya ninka. Shi kuwa ya juyo yana miki murmushi, yana jiran godiya.

Ban taɓa ganin ya sayi ko sosa ɗaya ba. Kome aka nuna masa sai ya ce, "Irinsa na nan a gida." Babu wanda ya taɓa ganin gidan. Abin da aka gani shi ne bayan ya gama wa'azi yakan tsallaka wurin mai shayi, a zuba masa a kofin roba mai shuɗin mariƙi, ya shanye bai kife shi ba.

Ita ma mai rumfar ba kanwar lasa ba ce. Duk kofin da ke ɗauke da hoton Sarauniya Elizabeth, irin na bikin naɗinta a 1953, sai ta rantse da shi ta sha shayi da ta zo Gana a 1961. Na lissafa, in haka ne baiwar Allah ba abin da ta yi a ziyarar nan sai shan shayi. Masu hoton Yarima Charles da Diana na 1981 kuwa "ango da amarya" take kiransu, tana tallar su ga masu neman gudummawar biki, kuma ba wanda ke da ƙarfin halin gaya mata yadda auren ya ƙare. In ta ga baƙuwar fuska sai ta faɗi kuɗi da tsohon lissafi, na kafin canjin kuɗi na 2007: "Miliyan biyu." Sai gabanki ya gama faɗuwa ta ce sidi ɗari biyu take nufi, ki ji kamar an yi miki ragi, ki tura mata momo kina godiya.

Uwar amarya ba ruwanta da tambari. Da zare take zuwa, wanda ta auna faɗin kabet da shi. Uwarta da kwalla da langa da fanteka ta yi mata jere har rufin ɗaki, ita ma ba za ta bari dangin ango su zo ganin ɗaki su tarar da gurbi ba. "Dozin nawa ne nan? A haɗa da wancan." Ko miya za a ci a ciki ko ba za a ci ba, wannan matsalar amarya ce.

Akwai mai cika saiti. Kofunanta shida ne, jika ya fasa ɗaya tun yana rarrafe, yanzu yaron yana sakandare. Ɓallin kofin yana ƙulle a bakin zanenta. Duk kwalin da aka buɗe sai ta kwance, ta kara ɗan ɓallin a jikin kowane kofi, ta girgiza kai: ganyen ya yi, amma furen ya cika haske. Ita ina tausayinta, har nakan taya ta dubawa.

Samarin ataya su uku suke zuwa a kan babur ɗaya su sayi ɗan gilashi ɗaya, na Duralex, bayan sun yi shawara.

Sai Afa, malamin nan mai shakka. Ya ɗauki kofi fari tas ya yaba, sai Gwani ya sanar da shi cewa irin wannan da tokar ƙashi ake haɗa yumɓunsa. Hannun Afa ya tsaya a sama. "Ƙashin me?" Na shanu. "Wa ya yanka?" Ya ajiye, ya ce zai bincika. Da la'asar sai ga yaro daga gidansa, wai Mma ta ce a ba shi farin kofin nan da Afa ya gani.

Akwai kuma wasu bayin Allah da ba zan tsananta musu ba, don na san uzurinsu. Su suna saye da gaske. Su wanke, su goge, su jera, su kulle, makulli ya koma ƙasan jaka. Baƙo ya zo a ba shi ruwa a roba, domin tangaran na babban baƙo ne. Sallah ƙarama ta wuce, babba ta wuce, an yi Damba an watse, har yau ba a samu baƙon da ya kai ba. In hunturu ya busa, ƙura ta bi ta kafar gilashi, sai a fito da su ranar Asabar a yi musu wanka a mayar. Sabon kwali kuwa gidan maƙwabciya yake fara sauka, sai maigida ya tafi sallar isha'i a shigo da shi. In ya tsaya gaban kabet yana ƙirga, amsar a shirye take: "Haba Malam, wannan ai tun zuwana gidan nan yake, ba ka lura ba ne." Wannan amsa tana aiki sau biyu a shekara, in an wuce haka sai a canza ta.

Duk waɗannan zan zauna da su a tabarma ɗaya. Wanda ba na iyawa shi ne dillalin gidan makoki. Ba ya zuwa rumfa saye, kawowa yake yi, kuma na san inda yake samowa. Tsofaffin gidajen Zango, musamman na zuriyar fataken goro da suka watsu daga Salaga bayan yaƙin 1892, akwai tasa da kumbo na tagulla da tsofaffin kwalla a ɗakunan iyaye mata, waɗanda aka tara ɗaya bayan ɗaya da kuɗin adashi da ribar ƙuli. Shi ya san kowane gida. Ana rasuwa zai zo ta'aziyya, bakinsa na "Allah ya jiƙan rai," idonsa na bin labule. Kafin a yi arba'in ya dawo da sababbin robobi da kula mai sheƙi, ya ce wa 'ya'ya, "Me za ku yi da wannan tarkace? Ku kawo in rage muku." Ba a raba gado ba, akwai marayu a ciki, bai dame shi ba. Ya fi son matar da ke takaba, wadda za ta yi wata huɗu da kwana goma ba ta leƙa kasuwa ta ji farashi ba, ga kuɗin makarantar yara ya taso. Zai durƙusa yana ce mata "Mma," ya ƙirga mata abin da bai kai kuɗin buhun masara ba, ya kwashe jeren da ta shekara talatin tana tarawa, har ta sa masa albarka. Bayan wata biyu kayan suna wani shago a Akra, an goge su, an rataya musu farashi da dala.

In na hango shi yana cire takalmi a ƙofar gidan rasuwa a unguwarmu, nakan tura yarinya ta ja ƙofar ɗakin tsohuwa ta kawo mini makullin.