Sayen Sanyi da Dala

Wata sabuwar ɗabi'a ta shigo gidajen masu ɗan hali a biranenmu. Da an rufe makarantu a watan Disamba, sai ka ji iyali za su "fita waje shan iska". Su wa ke wannan shiri? Mutanen da idan hunturu ya busa a Kano suke toshe taga da tsumma, su mulke jiki da basilin, su ɗage wankan safe sai bayan azahar. Su ne kuma za ka tarar a Wapa suna canjin dala, don su je ƙasar da ruwa ke daskarewa a kan titi. Sanyin da Allah ya ba su kyauta ba sa so, sai wanda aka buga wa biza.

Kada ka ɗauka gajiya ce ke kawo maganar hutun. Hoto ne. Hajiya ta buɗe WhatsApp ta ga maƙwabciyarta a Turkiyya, ta sha jibgegiyar rigar sanyi, bakinta na fitar da hayaƙi. A daren nan tuwon Alhaji zai sha man shanu fiye da kullum.

"Alhaji, wai mu laifin me muka yi wa jirgin sama?"

"Ba bara na kai ki Umara ba?"

"Wannan ai ibada ce. Hutu nake magana."

Daga ranar da ya ce "bari mu gani", an gama da shi. Sauran aiki shi ne tantance masu tafiya. Uwargida ta ce girma nata ne. Amarya ta ce ita ta iya ɗaukar hoto. Inna, mahaifiyar Alhaji, ta ji labarin akwai wani ruwan zafi a can mai maganin sanyin ƙashi, gwiwarta kuwa ba ta taɓa ciwo kamar wannan makon ba. Ƙanen Alhaji ya sadaukar da kansa don riƙon jaka. Tafiyar mutum huɗu ta koma ta mutum goma sha ɗaya, ofishin biza kuma na neman takardar banki da za ta nuna Alhaji zai iya ciyar da su duka. Takardar da ko matansa bai taɓa nuna wa ba, yau ga ta a hannun baƙo.

Me ya sa Turkiyya? Ƙasar Musulmi ce, ana kiran salla, nama halal ne, ga yara sun haddace fim ɗin Ertugrul da aka fassara musu da Hausa, suna zaton da dawakai da takubba za a tarbe su a filin jirgi. Babban ɗan gida, masanin intanet na iyali, shi ke rubuta jadawali. Za a ga Aya Sofiya a Istanbul, ginin da aka kammala a shekarar 537 yana coci, ya zama masallaci a 1453, ya koma gidan tarihi, aka sake mayar da shi masallaci a 2020. Za a ga masallacin Sultan Ahmad mai hasumiya shida. Za a shiga fadar Topkapi, inda aka adana kayayyakin da ake dangantawa da Manzon Allah (SAW). Alhaji ya gyaɗa kai. Hajiya kuwa cikin duk bayanin abu ɗaya ya shiga kunnenta: akwai rufaffiyar kasuwa mai shaguna kusan 4,000. Nan take aka gyara jadawali. Tarihin shekara 1,500 ya samu minti arba'in, kasuwa ta samu kwana uku.

Sai haɗa kaya. A je Ƙofar Wambai a zaɓo rigunan sanyi na gwanjo, a wanke, a fesa turare, a gargaɗi yara kada wanda ya faɗi inda aka saya. Akwatin da ya fi nauyi kuwa na abinci ne: yaji, daddawa, kuka, garin kunu, har da ƙaramar tukunyar lantarki. Mutanen da suka shaida wa dangi za su je cin kebab da baklawa ke nan. Gaskiyarsu ce ta wani fannin. Karin kumallon otal zaitun ne da cuku da tumatir da kokwamba, sai shayi babu madara a wani ɗan kofin gilashi da bai kai kurɓa uku ba. Ranar da aka kawo wa Inna ayran, kindirmon da suke damawa da gishiri, ta kurɓa ta ajiye.

"Wane marar tsoron Allah ne ya zuba gishiri a nono?"

Kafin kwana uku ƙamshin miyar kuka ya cika hawa na huɗu na otal, ma'aikata na bin ƙofa-ƙofa suna neman abin da ya lalace.

Dusar ƙanƙarar da aka zo dominta ma ba kullum take sauka a Istanbul ba. Sau da yawa ruwan sama ne da iska mai ratsa ƙashi. Mai son ƙanƙara tabbas sai ya nufi Bursa, ya hau dutsen Uludag mai tsayin mita 2,543, cikin wata 'yar mota da ke rataye a jikin waya. Inna ta ɗaga kai ta dube ta, ta ce ita ba a haife ta don a shanya ta ba.

Ƙarshen tika-tiki shi ne ruwan zafi na Pamukkale, a lardin Denizli, tafiyar fiye da kilomita 500 daga Istanbul. Wurin ya cancanci gani. Ruwa ne mai ɗumin kusan digiri 35 yake ɓulɓulowa daga ƙasa, ma'adinin da ke cikinsa ya daskare ya yi farin tudu mai hawa-hawa, a samansa ga kufan birnin Hiyerafolis, inda Rumawa ke zuwa wankan neman lafiya. UNESCO ta sa shi cikin wuraren tarihi na duniya a 1988. Abin da masanin intanet bai karanto ba shi ne, doka ta hana hawa farin tudun da takalmi. Ga Alhaji, mai sa safa biyu a hunturun Kano, yana taka dutse ƙafa ba takalmi a watan Janairu, yana salati. Da aka isa tafkin wanka kuma, sai ga maza da mata a haɗe, kowa da ɗan ƙyallen da bai isa hankici ba.

"A'uzu billahi! Kowa ya koma mota!"

Abin da aka samu daga ruwan da aka ƙetaro sahara da teku dominsa shi ne tsoma ƙafa zuwa idon sawu. Amma an ɗauki hoto, haƙora na kaɗawa, an rubuta a ƙasa: "Alhamdulillah, hutu mai daɗi."

Ka ce da Hajiya akwai ruwan ɗumi na Wikki a Yankari, nan jihar Bauchi, garai-garai, ɗuminsa digiri 31 rani da damina, ga giwaye a dajin, babu biza babu canjin dala. Za ta dube ka sama da ƙasa ta ce, "Wa zai yi maka 'Allah ya dawo da ku lafiya' don ka je Bauchi?" Nan gizo ke saƙar.

A dawo gida da mura, da ƙorafin dangin da tsarabarsu ba ta kai ba, ga kuɗin makarantar zango na biyu na jira a bakin ƙofa. Alhaji, wanda shi kaɗai ne bai fito a hoto ko ɗaya ba saboda yana wajen biya, yanzu ne yake bukatar hutu.

Ba na hana kowa tafiya, tafiya mabuɗin ilimi ce. Amma kafin ka sayi tikiti, tara iyali ka sanar da su cewa za a je, sai dai babu wanda zai ɗora hoto ko ɗaya. Wanda ya ce har yanzu yana so, shi ne mai bukatar hutu, ka tafi da shi. Sauran ka saya musu basilin.