Takarda Zuwa ga Mai Girma Baƙin Allo

Takarda ta fito daga hannun talakanka, mai amfani da Linux, zuwa ga Mai Girma Baƙin Allo, ma'abocin ɗan farin layin nan da ke ƙiftawa a kusurwar sama ta hagu. Gaisuwa mai yawa da ban girma. Ina fatan kana lafiya, ko da yake ba ni da hanyar sani, tunda ba ka magana.

Amma bayan haka, ranka ya daɗe, dalilin takardar nan shi ne abin da ya shiga tsakaninmu da safiyar yau. Jiya da daddare kwamfutata ta sanar da ni akwai sabuntawa, har da sabon kenel, wato ƙwayar tsarin da komai ke rataye a kanta. Na ce bismillah. Ana tsakiyar girkawa aka ɗauke wuta, batirin kwamfutar kuwa ya daɗe da yin ritaya. Wannan ba ƙararka ba ce, masu wuta suna da tasu takardar, tana nan tafe. Da gari ya waye na danna maɓalli, tambari ya fito, 'yan ɗigogi suka yi ta zagaye, sai kuma kai. Baƙi ƙirin daga gefe zuwa gefe. Na ba ka lokaci, na je na ɗora shayi, na dawo na tarar da kai inda na bar ka, kana ƙifce. Ga aikin mutane a ciki, an ce in miƙa kafin azahar.

Kada ka ɗauka baƙo ne ke maka magana. Na san fadar nan, na san zaurukanta. A zauren farko akwai manhajar da ke manne a jikin injin, BIOS a tsofaffin kwamfutoci, UEFI a sababbi. Ita za ta duba ko kayan ciki suna nan, ta miƙa ka ga mai tsaron ƙofa, GRUB, wanda Erich Boleyn ya fara rubutawa tun 1995. GRUB ya ɗauko kenel tare da ɗan rakiyarsa initramfs, wani ƙaramin tsarin wucin gadi da aikinsa kawai ya gano faifan da ainihin tsarin yake. Kenel ya tashi systemd, shamakin gidan, shi kuma ya bi ɗaki ɗaki yana tashin ma'aikata, na sauti, na intanet, na agogo. Can ƙarshe sai sallama, GDM ko SDDM ko LightDM, ya nuna maka akwatin kalmar sirri, sannan GNOME ko KDE ko Xfce su shimfiɗa maka teburin aiki.

Kowane ɗayansu yana da yadda yake hana mutum wucewa, kuma duk na sha a hannunsu. GRUB idan ya ɓata hanya sai ya rubuta grub rescue ya tsaya. Rashin kunya ne, amma ya yi magana. Initramfs yakan jefa mutum cikin BusyBox, wani ɗan wurin rubuta umarni, sai dai yakan faɗi sunan ɓangaren faifan da ya lalace, ya ce a gudanar da fsck, umarnin duba faifai, a kansa. Shi kuwa systemd, idan an rubuta masa wani faifai a /etc/fstab aka zo aka cire shi, zai zauna jiransa minti ɗaya da daƙiƙa 30 cif, yana ƙirgawa a gabanka. Wauta ce, amma wauta ce mai bayani. Waɗannan duk na yafe musu a yau.

Kai ne ban yafe wa ba.

An ce shiru ma magana ce. Wanda ya fara faɗin haka bai taɓa zama a gabanka ba. Da a ce jahilci ne ya sa ka shiru, da na yi maka uzuri. To amma ka sani. Tun daga daƙiƙar da kenel ya buɗe ido, duk abin da ya tashi da wanda ya ƙi tashi ana rubuta shi a kundi, layi bayan layi, da lokacinsa. Ka san wane ma'aikaci ne ya faɗi, ka san a ina, ka san dalili. Ka naɗe bayanin ka zauna a kai, ka bar ni da ɗan layin da ba ya cewa e, ba ya cewa a'a.

Kuma wannan shirun ba haɗari ba ne, tsara shi aka yi. A yawancin Linux ɗin da aka shirya don irinmu, akwai kalmomi biyu a fayil ɗin /etc/default/grub, quiet da splash. Ta farko tana hana saƙonnin tashi fitowa, ta biyu tana lulluɓe allon da tambari mai kyau. Wai don kada talaka ya ga rubutu yana gudu ya firgita. Allah Ya saka da alheri. Yanzu dai ban firgita da rubutu ba, na firgita da tunanin ko faifan ya mutu ne, ko allon ya ƙone, ko duk abin da na tara ya tafi. Ban ce kada a yi ado ba. Ranar da komai ke tafiya daidai, a rufe, a sa tambari, a sa fure ma in ana so. Amma wane irin hankali ne a ce ranar da abu ya lalace ma lulluɓin yana nan?

Bari in tuna maka wahalar da ka sa ni kafin in ga abin da kake ɓoyewa. Sai na kashe na kunna, na nemi jerin zaɓin GRUB, wanda shi ma a ɓoye yake idan tsari ɗaya ne a kwamfutar. A kan BIOS ana danne Shift, a kan UEFI ana taɓa Esc. Taɓawar kuma tana da ƙa'ida. In ka yi sauri, injin bai ji ba. In ka yi jinkiri, ka wuce. In ka ƙara taɓawa don ka tabbatar, sai ka zarce jerin ka faɗa wurin rubuta umarni, inda babu komai sai sunan grub da jira. Wanda ya dace, sai ya danna e, ya laluba cikin rubutu ya goge kalmomin nan biyu, in ya ga dama ya ƙara nomodeset don a tashi da hoto mai sauƙi, sannan Ctrl da X. Ko ya shiga zaɓin ƙwararru ya ɗauki tsohon kenel, wanda ake ajiyewa don irin wannan rana. Madalla da wanda ya yi tunanin ajiye shi. Me ya hana ka gaya mini yana nan?

Akwai kuma ƙofar baya, Ctrl da Alt da F3 a tare, a wasu kwamfutocin har da Fn, yatsu huɗu na hannu biyu. Nan sai ga rubutu yana neman suna da kalmar sirri. Ashe tsarin yana raye, tun ɗazu yana raye, hoton ne kawai bai tashi ba! Ka rubuta kalmar sirri, ba abin da zai motsa, ko ɗigo, ko tauraro. Wai don tsaro. Wanda bai sani ba sai ya ɗauka maɓallan ma sun mutu. Gidan nan kowa shiru ya gada.

Na shiga, na rubuta journalctl -b -p err. Ga shi nan ɓaro-ɓaro. Direban katin hoto, 'yar manhajar da ke sulhu tsakanin kenel da katin, ba a gama haɗa shi don sabon kenel ba. Akwai wani DKMS da aikinsa ke nan duk lokacin da kenel ya canza, yana cikin yi wuta ta tafi. Sabon kenel ya tashi, ya nemi direba bai samu ba, sallama ya yi yunƙurin buɗe allon shiga ya faɗi, sai aka turo ka ka tsaya a madadinsa. Maganin fa? Rubuta sudo dpkg --configure -a, a bar shi ya ƙarasa abin da aka katse, a sake kunnawa. Shi ke nan. Wannan shi ne sirrin da ka riƙe. Ka san shi tun ruwan shayina bai yi ɗumi ba.

Wai kai, don Allah, me za ka rasa in ka rubuta jimla ɗaya? An katse sabuntawar jiya, danna kaza in ƙarasa. Ko kuma, hoto ya ƙi tashi, danna kaza ka koma tsohon kenel. Kenel ɗin nan ya haura layi miliyan 30 na rubutu. A cikin miliyan 30, da sauran miliyoyin da ke kansa, an rasa wurin da za a saka mini layi ɗaya?

Kuma ba ku da aiki sai tutiya. Tun 2017 duk kwamfutoci 500 mafiya ƙarfi a duniya Linux suke amfani da shi. Wayar Android da ke aljihuna kenel ɗinku ne a ƙarƙashinta. A watan Afrilu na 2021 ɗan jirgi mai saukar ungulu, Ingenuity, ya tashi a duniyar Mars da Linux a cikinsa. Abin da Linus Torvalds ya fara yana ɗalibi a Helsinki a 1991, yana cewa abin sha'awa ne kawai, ya kai inda ɗan Adam bai taka ba. Na yarda, na jinjina. To ni ba Mars na nufa ba. Teburin aikina nake nema, da fayil ɗin mutane a kansa.

Kana da ƙane ma, bari in ambace shi tunda jininku ɗaya. Shi yana barin allon shiga ya fito. Ka sa kalmar sirri daidai, allo ya yi duhu, ya dawo da kai wurin sa kalmar sirri. Ka sake, ya sake. Ba zai ce ka yi kuskure ba, don ba ka yi ba. Sau da yawa faifai ne ya cika, df -h zai nuna maka kashi 100, wani lokaci kuma ɗan fayil ɗin .Xauthority ne ya koma mallakar root, wato asusun mai cikakken iko a tsarin. Abin da ya fi ba ni haushi, wani sa'in abin da ya cika faifan shi ne kundin ƙorafin tsarin kansa a /var/log. Ya yi ta rubuta kukansa a ɓoye har ya toshe wa mai gida ƙofa, amma a fili ko uffan. GNOME kuwa in ya gaza sai ya nuna hoton kwamfuta ta ɓata fuska, ya ce wayyo, wani abu ya lalace. Wani abu. Sannu da ƙoƙari.

Na kira wani abokina, ɗaya daga cikin almajiranka na gaske, irin waɗanda ba sa taɓa linzamin kwamfuta sai dole. Tambayarsa ta farko, wane tsarin nuna hoto a allo kake kai, X ko Wayland? X an haife shi a jami'ar MIT ta Amurka a 1984, Wayland aka fara shi a 2008 don ya gaje shi, aka kwashe shekaru ana miƙa mulki, mu muna tsakiya. Tambaya ta biyu, ka karanta kundi? Daga nan sai ya ce shi dai tasa lafiya lau take aiki. Na ce masa Allah Ya ƙara mata lafiya.

Shi ne kuma ya kawo mini hujjarku ta kullum, wai laifin masu ƙera katin hoto ne da suke rufe sirrin direbobinsu. Na san labarin. A 2012, a jami'ar Aalto ta Finland, Torvalds da kansa ya juya ga kyamara ya yi wa ɗaya daga cikin kamfanonin nan daƙuwa irin ta Turawa, mai yatsa ɗaya. Na karɓi rabin hujjar. Direba nasu ne. Amma bakinka naka ne. Babu kamfanin da ya hana ka faɗin cewa direba bai tashi ba.

Mutanen da suka iya raba gari a kan systemd, har wasu suka fice daga Debian, ɗaya daga cikin nau'o'in Linux, a 2014 suka kafa nasu mai suna Devuan, ba za su rasa ƙarfin rubuta saƙo ba. Shekara da shekaru kuna yi wa Windows dariya saboda shuɗin allonsa. A Disamban 2023 sai ga systemd na 255 ya fito da nasa shuɗin allon, har da lambar QR da za a ɗauka da waya. Ban yi dariya ba, murna na yi, na ce a ƙarshe an gane. Ashe shi sai abu ya kai matakin gaggawa yake fitowa. Nawa bai kai ba. Mutum zaune a gaban duhu, agogo na tafiya, masu aiki na kira, wannan a wurinku ba gaggawa ba ce.

Buƙatata ba ta da yawa. Idan allon shiga ya yi yunƙuri ya faɗi, a yaye lulluɓin, a nuna layukan ƙarshe na kundi, a rubuta maɓallan da za a danna. Ko da Turanci ne na yarda, ban ma kai ga roƙon Hausa ba tukuna.

Na san amsar da za a ba ni, don abokina ya riga ya ba ni ita: ai rubutun a buɗe yake, kyauta ne, wanda abu ya dama ya gyara da kansa ya aika. To. Zan koyi harshen C, in karance yadda GDM yake hulɗa da systemd, in rubuta gyaran, in jira a duba. Kafin nan a gaya mini wanda zan miƙa wa takardar nan, don na duba ko'ina ban ga ofishinka ba, ban ga magatakardarka ba, ban ga ko akwatin saƙo ba.

Haza wassalam.

Naka, talakan da bai biya ko kwabo ba, don haka aka ce ba shi da bakin ƙara.