Abokin Tafiya Ya Hau Mota: Yadda Za Ka Ƙarasa da Kekenka

Doguwar tafiyar keke in aka fara ta mutum biyu, akwai ranar da ɗaya zai tashi da safe yana dafe da gwiwa, ko ya ce uwargida ta bugo waya, ko ya tuna an sa ranar bikin ƙanwarsa. Abin ba yau aka fara ba. A 1923 matasa shida suka tashi daga Bombay ta Indiya za su zaga duniya a kan keke, uku ne kawai suka ƙarasa a 1928.

To, a ce ku biyu kuka taso daga Kano kun nufi Yamai. Kun wuce Katsina da Maraɗi, kun shaƙi ƙamshin albasar Galmi, sai a Birnin Ƙonni mutuminka ya ce shi fa nan ya tsaya. Gabanka akwai kimanin kilomita 420. Ga abin yi.

1. Ku raba gado kafin ka raka shi tasha

Kada alhinin rabuwa ya sa ka manta da famfo. Ranar da kuka ɗaura kaya kun raba nauyi: kai ka ɗauki tukunya da tabarma, shi ya ɗauki famfo da sifana da gam ɗin faci. In ka bari mota ta tashi da su, a tsakiyar daji za ka gane tukunya ba ta hura taya. Ka shimfiɗa tabarma, ku zazzage jakunkuna, ka tsince kayan gyara ɗaya bayan ɗaya. Ya tafi da barkononsa da rediyonsa, Allah ya kiyaye hanya. Guntun gatarinka ya fi sari ka ba ni.

2. Ka yafe masa, don ka ba shi aiki

Kada ka yi masa gori. Wanda ya taka feda daga Kano zuwa Ƙonni ya wuce a kira shi rago. Ka rungume shi, ka ce, "Malam, ka yi ƙoƙari." Sannan ka naɗa shi sarkin tsaro: kullum da magariba za ka buga masa waya ka faɗi garin da ka sauka da wanda ka nufa gobe. In ya ji shiru, shi zai tayar da jama'a. Yanzu da yake zaune a inuwa yana shan fura, kunyarka kaɗai za ta sa ya riƙe amanar.

3. Ka shirya da iska

Dā in ka gaji sai ka laɓe a bayansa, ya riƙa tare maka iska kana hutawa kana yi masa kirari. Wannan garaɓasar ta ƙare. Ka rage tsawon zangonka, ka fita da zarar an sallame asuba, ka nemi inuwa kafin rana ta take. In lokacin hunturu ne ka yi sa'a, domin iskar daga arewa maso gabas take busowa, kai kuwa yamma ka nufa. Turo ka za ta riƙa yi, kuma ba ta da ƙanwar da za a yi wa biki.

4. Ka koyi lissafin dala

Dā shi ne ma'aji, kai naka ci. Yanzu sai ka san cewa a kasuwar Nijar dala ɗaya sefa 5 ce, dala ashirin sefa 100, jika kuwa sefa 1,000. In mai ƙosai ta ce dala goma, kada ka dafe ƙirji kana tunanin kuɗin Amurka. Da ka wuce Dogon Dutsi ka doshi Dosso za ka ji Zabarmanci ya fara rinjayar Hausa. Ka riƙe "fofo" a bakinka, gaisuwa ce mai samo ruwan sanyi.

5. Ka samo wa bakinka abokin hira

Kwana biyu da rabuwa za ka tsinci kanka kana yi wa keke magana. Lafiyarka ƙalau. Ka raɗa masa suna, ka yaba masa in ya hau tudu, ka ba shi haƙuri in ya faɗa rami. Amma in kun iso shingen jandarma ka yi shiru, ka miƙa takardunka, kada a ɗauka ku biyu ne. Hira ta gaske tana teburin mai shayi. Nan direbobi za su gaya maka inda kwalta ta lalace da inda ba a bi bayan la'asar. In sun ce kada ka bi, kada ka bi. Ka ɗora keken a kan mota ka tsallake wurin, ba wanda zai rage maka lada.

6. Dare ba naka ba ne

Kafin rana ta faɗi ka shiga gari, ka yi sallama da mai gari ko liman. Baƙon da ya gabatar da kansa ba ya rasa zaure. Ka shigar da keke ciki, tunda babu mai gadinsa in ka shiga salla. Wanda ba ka sani ba kuwa in ya tambaye ka inda za ka kwana gobe, ka ce, "Inda Allah ya kai mu."

7. Ka tuna ba kanka farau ba

A 2023 wani matashi ɗan Gini, Mamadou Safayou Barry, ya hau keke shi kaɗai ya nufi Jami'ar Azhar ta Alƙahira. Ya yi kimanin kilomita 4,000 cikin wata huɗu, an tsare shi har sau uku a hanya. Da ya isa Chadi mutanen kirki suka saya masa tikitin jirgi, Azhar kuma ta ba shi gurbin karatu kyauta. Kai da iyakar abin da za ka gamu da shi wataƙila raƙuman dawa ne a Kure, dab da Yamai, ai sai godiya.

Saboda haka, ɗan'uwa, in lafiyarka lau kuma masu hanya sun ce ta yi kyau, kada ka juya don wani ya juya. Duba birki, cika gora, ka hau.