Zuwa ga Ɗan Goggo, Furodusan Ɗakin Citta

Ɗan Goggo, bawana na gado, ina gaisuwa, ko da yake ɗan mace ne ya kamata ya fara durƙusa wa ɗan namiji. Na yafe maka. Na san kunnuwanka a toshe suke da wannan ƙaton abin sauraron kiɗa da ba ka cirewa ko da kana cin tuwo.

Labari ya iske ni wai yanzu a Kafanchan an daina kiranka da sunan da Goggo ta raɗa maka. Wai kai ne mawaƙin gambarar zamani, kuma kai ne furodusa, har ka buga kati mai hotonka da baƙin tabarau. Madalla, arziki ya shigo dangi. Abin da dai na sani shi ne, ɗakin da Goggo ke jibge buhunan citta ka share, ka manna kwalayen ƙwai a bango, ka toshe taga da bargon aurenta, ka sa masa suna sutudiyo. Duk yaron da ya shiga ɗaukar murya da atishawa yake fitowa. Idan aka ɗauke wuta kuma aiki ya tsaya ke nan, don janaretan maƙwabci kake aro, shi ma sai ranar da ba kwa faɗa.

Kada ka ɓata rai, Kan Tulu. Ai don kana nawa ne nake faɗa maka. Bare tafa maka zai yi, ya juya baya ya yi dariya.

Mu fara da suna. Mutumin da ya ba talatin baya, sanƙo ya fara yi masa sallama, shi ne ya liƙa wa kansa "Lil" a gaban suna. Sannan ga harshen. Da ka kama makirfo sai hancinka ya toshe, Turancin Amurka ya zubo, alhali iyakar tafiyarka Abuja ce, ita ma rakiyar kayan citta ka yi. Kana waƙar dusar ƙanƙara a garin da hunturu ke fasa maka leɓe. Kana waƙar dala, mai shayin bakin tasha yana jin ka yana duba littafin bashi. Muryar kuwa ka zuba mata Auto-Tune har ta koma kamar ta akuyar da ta faɗa rijiya. Goggo da ta ji, cewa ta yi a duba bayan gida.

To duk wannan mai sauƙi ne. Abin da ya sa na ɗauki alƙalami shi ne sabon laƙabin da ka ƙaro, wai kai ne Honey Singh na Kudancin Kaduna. Ka yi askinsa, ka sayi sarƙar wuya a kasuwa, kana ɗaga kafaɗa irin ta 'yan Punjab. Tunda ka kira sunan mutumin, zauna in karanta maka shi, don na lura hotunansa kawai kake kallo.

Sunansa na gaskiya Hirdesh Singh, an haife shi a 1983. Kafin duniya ta san fuskarsa, shekaru ya yi a bayan na'ura yana haɗa wa wasu kiɗan bangara na 'yan Punjab. Shi ya haɗa kiɗan faifan Diljit Dosanjh mai suna The Next Level a 2009, sannan a 2011 ya fitar da International Villager, inda ya tara mawaƙan Punjab da dama, shi yana riƙe da kiɗa. Daga nan masu fim na Mumbai suka neme shi, har ya yi "Lungi Dance" a 2013 don fim ɗin Chennai Express na Shah Rukh Khan, wanda na san ka kalla har faifan ya karce. Ka ga tsarin? Sai da hannu ya ƙware, sannan baki ya buɗe. Kai kuwa ka saukar da FL Studio na sata ran Litinin, ran Laraba ka buga kati.

Akwai kuma ɓangaren da ba na so ka kwaikwaya, kuma a nan ba wasa nake ba. Yana kan ganiyarsa ya ɓace daga fage sama da shekara guda, daga baya da bakinsa ya faɗa cewa larurar ƙwaƙwalwa da giya ne suka kwantar da shi. An kuma sha yin ƙorafi a kan batsar da ke cikin wasu waƙoƙinsa, har da kai ƙara gaban 'yan sanda. Kai da ko mai unguwa bai san kana waƙa ba, ka riga ka fara da batsa da kwalba a hannu. Ka tsallake karatun, ka faɗa wa hutun.

Ga wani ɗan Punjab ɗin, Panjabi MC, wanda aka haifa a Coventry ta Ingila, a tsakiyar Turawa. Da ya so ya narke ya zama Bature, babu mai hana shi. Sai ya ɗauko gangar dhol da tumbi, wani ɗan abin kaɗawa mai tsirkiya ɗaya, ɗan uwan kuntigin Ɗanmaraya Jos, ya ɗora su a kan kiɗan hip-hop, aka rera waƙar da Punjabi. Ita ce "Mundian To Bach Ke" ta 1998. A 2003 Jay-Z da kansa ya hau kanta. Ka ji? Shi Jay-Z ɗin da kake maƙale murya don ka yi kama da shi, shi ya bi tsirkiya ɗaya har inda take.

Sai Sidhu Moose Wala, wanda ya ɗauki sunan ƙauyensu Moosa, a gundumar Mansa, ya ɗaura a wuya ya zaga duniya da shi, yadda ba a rabuwa da Jos in an ambaci Ɗanmaraya, ko Maradun in an ambaci Ɗankwairo. An harbe shi a ranar 29 ga Mayu, 2022, yana ɗan shekara 28. Bayan rasuwarsa, a Afrilun 2023, aka saki "Mera Na" da muryar Burna Boy namu a ciki. Waƙoƙinsa da yawa na maganar bindiga ne, kai ma na ji ka fara yin "tau-tau" da baki a ƙarshen kowane baiti. Ka bari. Mutanen Zangon Kataf da Kaura da Jama'a sun ji ƙarar ta gaske, ba sa bukatar ta lasifika. Balle kai da ƙarar fashewar taya ke sa ka shige ƙarƙashin gado.

Yanzu za ka ce ai can Indiya ce, suna da mutum sama da biliyan. To mu dawo gida, Sarkin Uzuri. Daga ƙofar ɗakin cittarka zuwa Kwoi tafiyar nawa ce? Audu Maikori ɗan asalin can ne, lauya ɗan lauya. Shi da Yahaya Maikori da Paul Okeugo suka kafa kamfanin waƙa na Chocolate City a 2005. Da wa suka buɗe fage? Da Jeremiah Gyang na Jos da waƙarsa "Na Ba Ka". Hausa ce, Ɗan Goggo, irin wadda kuke ciniki da ita a kasuwar Kafanchan, kuma har Legas ta karɓu.

A wannan gidan M.I Abaga ya fitar da Talk About It a 2008. Shi ya yi karatu a Amurka da gaske, a jihar Michigan, amma da ya dawo bai daina kiran sunan Jos a waƙa ba. Ƙanensa Jesse Jagz shi ne ainihin abin da kake mafarkin zama, mawaƙi kuma mai haɗa kiɗa. A coci ya fara, yana ƙaramin yaro yana kaɗa ganga. Hannunsa na cikin kiɗan faifan yayansa, sannan ya fitar da nasa, Jag of All Tradez, a 2010. A shekarar ce Ice Prince ya saki "Oleku", kuma a 2013 ya ɗauko kyautar BET ya kawo gida. Duk yaran Jos ne, nan bayan duwatsu, inda kake zuwa sayen gwanjo.

In ka ce Jos daban, to ga CKay, haifaffen Kaduna. Mahaifinsa mai koyar da mawaƙan coci ne, a wurinsa ya san fiyano, kuma da aikin haɗa kiɗa ya shiga Chocolate City. Ya saki "Love Nwantiti" a 2019, ta yi zamanta shiru, sai a 2021 TikTok ta ɗauke ta ta watsa har cikin jerin Billboard na Amurka. Ga DJ AB, Haruna Abdullahi, shi ma ɗan Kaduna, wanda da shi da ƙanensa Feezy da sauran Yaran North Side suka mayar da Hausar samarin unguwa abin rawa. Shi ke haɗa kiɗa, shi ke rerawa, har Mr Eazi ya hau waƙa da shi a 2021. Duba su ɗaya bayan ɗaya, ba ka samun wanda ya fara da kati da tabarau.

Abin da ke ba ni haushi da kai, Furodusa, shi ne ruwa na ƙasa sai ga wanda bai tona ba. Kana zaune a garin da ya zama mahaɗar jirgin ƙasa tun 1927, inda Fantswam da Bajju da Atyap da Ham da Hausa da Fulani da Ibo da Yarbawa suka cuɗanya a kasuwa ɗaya. Kowane 1 ga Janairu ana bikin Afan a Kagoro, ga maharba, ga masu busa ƙaho, ga ganguna a gindin dutse. Kai me kake zuwa yi? Ɗaukar hoton kanka. Ana Tuk Ham a Kwoi, kana can layin masu nama. Ko sau ɗaya ka taɓa ɗaukar na'ura ka roƙi tsofaffin nan su busa maka ƙaho, ka biya su, ka dawo ka gina kiɗa a kai? Ina! Sai dai ka kwana kana zazzago gangar da yara dubu suka riga suka zazzago daga intanet.

Kai bar ta nesa. Zumuntar matan da Goggo ke ciki, da tulunsu da cakinsu, sun fi ka sanin inda ake shiga da inda ake fita a kiɗa. Ba su da kwamfuta, ba su da Auto-Tune, amma in suka ɗauki amshi har mai wucewa a kan babur sai ya rage gudu. Je ka zauna a bayansu ran gwaji. In sun kore ka, ka ce ni na aiko ka ɗaukar musu kujeru.

Saura batun takarda, inda wautarka ta fi fitowa fili. An ce ka sayar wa wani yaro kiɗa a kan kuɗin kati da farantin fate, babu rubutu, babu shaida. In Allah ya sa waƙar ta tashi gobe, kuka za ka zo kana yi mini. Kana tsammanin banza ce ta sa wanda ya kafa Chocolate City lauya ne? Kamfanin da ya san kwantiragi shi ne ya iya zama da Warner Music a 2019 aka ƙulla yarjejeniya. Kiɗan da ka haɗa dukiya ce, akwai dokar haƙƙin mallaka da ke kare ta. Rubuta sunanka da kasonka a takarda kafin waƙa ta hau Audiomack ko Boomplay, kowa ya sa hannu. Ko masu tura waƙa a waya a bakin kasuwa sun fi ka lissafi, don su ba sa turi bashi.

To, na dake ka da yawa, bari in shafa maka mai, kada Goggo ta ce na kashe mata ɗa. Akwai wata waƙarka da ka ɓoye a ƙarshen fayil kana jin kunyarta, wadda ka yi a kan cutar da ta cinye gonakin citta a 2023, lokacin da manoman Kachia da Jaba da Kagarko suka tona ƙasa suka tarar da ruɓa. Da Hausa ka yi ta, ka yayyafa yaren kakarka a amshi, babu dala, babu dusar ƙanƙara. Ranar da aka sa ta a tsakar gida, Kawu da bai taɓa yabon ko miya ba ya ce a maimaita. Kana da kunne, Ɗan Goggo, kuma kana da baki. Wannan maganar in ka faɗa wa wani na yi ta, zan musa.

Ga hukuncin ubangidanka. Ka cire "Lil", ka mayar wa Goggo bargonta, ka biya mai shayi. Ka je Kagoro ran 1 ga Janairu da na'urar ɗaukar sauti, ka bar tabarau a gida. Ka nemi wanda ya iya fiyano ya koya maka, ko da ɗan ƙaramin yaro ne a coci. Ka fitar da waƙar cittar nan da sunanka na gaskiya da na garinku. In ta karɓu, rabin kuɗin nawa ne, don abin da bawa ya samu na ubangidansa ne. In kuma kana da bakin ramawa, fili a buɗe yake mako mai zuwa, amma da Hausa za ka rubuto, don Turancin naka ko Baturen ba ya ganewa.